Zakin da Mahamane Ya Shafe

A shekarar 2004 ne, cikin watan Maris, Mahamane Oumarou ya fara haɗuwa da Malam Bitrus Katung. A bakin tashar jirgin ƙasa ta Greenbelt abin ya faru, ana yayyafi. Wani dattijo mai kwat da laima ya shiga bayan tasinsa, ya faɗi inda za shi da irin Turancin da aka daina ji tun zamanin sule da sisi, kowace kalma a tsaye kamar an sa mata sitati. Ba su yi nisa ba wayar Mahamane ta yi ƙara, ya amsa wa matarsa da Hausar Damagaram. Da ya ajiye sai ya ji murya daga baya: "Ashe ɗan gida ne ke tuƙa ni, na zauna ina ta wahalar da harshena."

Mahamane ɗan Damagaram ne, daga gidan maƙeran fari, masu aikin azurfa. Kakansa maƙeri, babansa maƙeri. Ya zo Amurka a 1998, ya yi wankin kwanuka shekara biyu, sannan ya samu permi, wato lasisin tuƙi, ya kama tuƙin tasi. Yana zaune a Woodbridge da matarsa Rakia da 'ya'yansu mata uku. Daga Litinin zuwa Juma'a yana kan hanyar 95, cikin cunkoson motoci. Ranar Asabar kuwa yana gareji. Can ya kafa 'yar uwar maƙera da ya ɗauko daga gida cikin akwati, wadda ma'aikatan filin jirgi suka daɗe suna jujjuyawa kafin su bar shi ya wuce da ita. Babu zugazugi, babu gawayi, sai wutar gas. Amma masaba da awartaki da magagari duk na babansa ne. Mata daga Manassas har Silver Spring suna kawo masa zobe da warwaro da 'yan kunne, kuma ba a taɓa jin wadda ta dawo da aiki ba. Doka ɗaya aka raine shi a kai: abu ba ya fita daga gidansu a karkace. Ko ba kai ka karkata shi ba, in dai ya bi ta hannunka, sunan gidanku ne a kai.

Shi kuwa Malam Katung tsohon hedimasta ne daga kudancin Kaduna, ɗan Katolika, wanda ya yi makarantar mishan tun ana rubutu da alƙalami da tawada. Bayan rasuwar matarsa, 'yarsa Hannatu, ma'aikaciyar jinya, ta ɗauko shi ya zauna wurinta a Greenbelt. Mahamane ya zama direbansa, daga baya abokin hirarsa. Yana kiransa Mushe, yadda mutanen Nijar ke kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, shi kuma tsohon yana ce masa Sarkin Maƙera. Lokacin da Mahamane zai yi jarrabawar zama ɗan ƙasa, Mushe ne ya zaunar da shi wata bakwai yana koya masa karatu da rubutun Turanci, da jan biro a hannu. Ya ci jarrabawar a 2008. Ya kai wa tsohon turmin shadda, tsohon ya ƙi karɓa, ya ce shi tun da ya fara koyarwa bai taɓa karɓar ko ƙwai daga hannun ɗalibi ba. Abin ya tsaya wa Mahamane a rai. Yana ta neman ranar da shi ma zai yi masa wani abu.

Ranar ta zo a watan Yuni na 2009. Hannatu ta kawo babanta Woodbridge, ta tsaya a mota domin tana sauri. Tsohon ya shigo gareji ya warware hankici, ya fito da wata tsohuwar dala ta azurfa. Ya ce ta mahaifiyarsa ce. Hudar da ake zura zare ta ci har ta yage, ga shi idonsa ya fara rauni, yana tsoron ta faɗi ya kasa ganinta. Yana so a yi mata baki da kunne, wato ƙarfen da zai kewaye ta da ɗan zoben zura zare, don ya rataya a wuya. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Mutum ne da ba ya yawan magana a kan abin da ya fi so.

Bayan sun tafi Mahamane ya ɗauki dalar ya kai ta haske, sai ya girgiza kai. Bai taɓa ganin aikin ganganci irin wannan ba. Ba ta zagaye daidai ba, gefe ɗaya ya fi kauri, ga ta a ɗan lanƙwashe. A fuska ɗaya akwai wani mutum cikin sulke da garkuwa a gabansa, fuskarsa ta shafe. A ɗaya fuskar kuma wata dabba ce a tsaye kan ƙafafun baya, ramammiya, ta fito da harshe, har ma kamar harshe biyu. Ya dube ta da kyau ya yanke cewa kare ne. Rubutun da ya kewaye bakin kuwa, rabin wasu haruffa sun faɗa waje, domin wanda ya buga bai ko daidaita hatiminsa a tsakiya ba. Ya ce a ransa, da a gidansu yaro ya yi wannan, da ya kwana bai ci tuwo ba. Kuma yaya za a yi dattijo kamar Mushe, mai zuwa coci kowace safiya, ya rataya kare a wuya?

Ya danna ta a kakin zuma, gaba da baya, don ya auna bakin da zai yi mata, kamar yadda ya saba. Sannan ya yi abin da yake ganin shi ne mafi girman kyautar da maƙeri zai iya bayarwa. Ya gasa ta, ya ɗora kan uwar maƙera ya miƙar da ita. Ya sa magagari ya zagaye bakin har ya zama kamar wata ɗan daren sha huɗu. Ya cike hudar. Ya shafe karen da mai sulken da guntayen haruffan, ya goge ta har yana ganin fuskarsa a ciki, ya zana mata tauraro mai tsini takwas irin na Damagaram. Asabar uku ya yi a kanta. Garin azurfar da ya zuba kuwa ya tattara shi daga kan fatar da yake shimfiɗawa, ya ƙulle a takarda, domin na mai kaya ne.

Da Malam Katung ya zo karɓa, Mahamane ya miƙa masa a cikin sabon ƙyalle, yana murmushi. Tsohon ya buɗe. Ya juya ta. Ya sake juyawa. Ya matso da ita kusa da idon da ya fi gani, sannan ya taka zuwa bakin gareji inda rana take. Ya daɗe a can.

"Ina dalata?"

"Ita ce a hannunka, Mushe. Na gyara ta, na shafe karen."

Tsohon ya laluba bayansa ya zauna a kan wani bokitin fenti. Mahamane bai taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba sai a gidan makoki, kuma har yanzu bai gane abin da ya faru ba. Da tsohon ya samu magana, a hankali ya yi ta, kamar yana ba da darasi ga ajin da ba kowa. Ba kare ba ne, zaki ne. A ƙasar Holan aka buga ta, a shekarar 1643, kuma shekarar tana rubuce a saman kan zakin. A wancan zamani ba inji, da guduma ake buga kuɗi, ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa ba biyu da suka yi kama. Ta yaya ta ƙetare teku da hamada har ta iso hannun fataken da suka ba kakarsa, ba wanda ya sani. Yana ɗan shekara goma sha biyu ya saci jiki ya kai ta makaranta, wani Fada, limamin cocin, ya ɗora yatsansa a kan haruffan ya karanta masa: CONFIDENS DNO NON MOVETVR. Wanda ya dogara ga Ubangiji ba ya jijjiguwa. Latin na farko da ya fara shiga kunnensa ke nan. Ranar da aka binne matarsa, ita ce a cikin tafin hannunsa.

Mahamane ya yi lissafi ba da son ransa ba: shekara ɗari uku da sittin da shida. Ta tsira daga yaƙi da teku da wutar maƙera nawa, ta zo ta mutu a garejinsa cikin Asabar uku.

"Baki da kunne kawai na ce, Mahamane," in ji tsohon. Bai ɗaga murya ba, kuma bai ce Sarkin Maƙera ba. Ya tashi ya ajiye ta a kan uwar maƙera kusa da ƙullin garin. "Aikin ya yi kyau. Amma wannan ba tawa ba ce."

Kwana uku Mahamane bai fita aiki ba. Rakia ta ce ya je ya ba da haƙuri, ya je, tsohon ya ce ya yafe, har ya sa aka kawo masa shayi. Amma daga ranar, in zai je asibitin ido sai ya kira wani kamfanin tasi. In sun haɗu a taron suna ko biki, gaisuwa cikakkiya, a tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, shi ke nan. Da zagi aka yi masa da ya fi masa sauƙi.

A watan Nuwamba wani fasinja ya gaya masa ana taron masu tara tsofaffin kuɗi a Baltimore. Ya je. Tebura jere har iyakar gani, kuma a ɓangaren kuɗin Turai na da, duk a karkace suke. Na Ingila, na Faransa, na Jamus, sarakuna da kambi da rabin hanci, haruffa a cushe a bakin, kalmomi a gutsure domin wuri bai isa ba. Ga manyan mutane da gilashin ƙara girma suna sunkuyawa a kan ainihin abin da shi yake kira aibi, suna yaba shi. Wata tsohuwar Baturiya mai tebur a lungu ta ga ya tsaya cak a gaban dalolin zaki guda shida. Ta yi masa bayani: hatimi ɗaya a kafe a kututture, ɗaya a hannu, azurfa a tsakani, sai guduma. Zoben rubutu a waje, hoto a ciki, shekara a sama, da 'yar alama ta garin da aka buga. Ta ƙara da cewa ko Larabawan da suka yi ciniki da ita a da, kare suke ce wa zakin. Da ya gaya mata abin da ya yi, ta cire tabarau ta dafe ƙirji, ta tambaye shi sau biyu ko da gaske magagari ya sa.

Ya sayi wadda ta fi kama, ya wuce Greenbelt kai tsaye. Malam Katung ya karɓa da hannu biyu, bai ko kai ta ido ba, ya bi bakin da babban yatsa har ya zagayo. Sannan ya miƙo masa.

"Kyakkyawa ce, na gode. Amma zakina harshe biyu gare shi, kuma kalmar farko rabinta a waje take. Wannan wuyan uwata bai san ta ba."

Hannatu ta raka shi mota. A nan ta gaya masa likitoci sun ce ganin Baba shekara biyu ya rage, in an yi sa'a uku.

Yana kan hanyar gida, daidai gadar Woodrow Wilson, ya tuna da kakin zuma. Bai san yadda ya ƙarasa ba. Ya tarar da shi a cikin gwangwanin madara a bayan kanta, fuska biyu, lafiya lau: zakin da harshensa biyu, mai sulke, da kowane guntun harafi. Ya kai gwangwanin firji ya ajiye kusa da man shanu, ya ce wa yaran duk wadda ta taɓa shi ta shiga uku. A ranar ya ƙudura abin da zai yi. Azurfar Mushe tana nan, garinta yana nan. Zai sassaƙa hatimi biyu na ƙarfe ya mayar mata da zakinta, tun tsohon yana iya gani.

Ya ɗauka aikin wata shida ne. Shi maƙerin fari ne, bai taɓa sassaƙa baƙin ƙarfe ba, ga shi dole a yi komai a juye kuma a lotse. Hatimi na farko ya tsage wajen tsoma shi a ruwa. Na biyu ya yi laushi, bugu goma ya baje. Na uku ya tsaya, ya gwada a kan dalma, ya kai wa Rakia tana tankaɗe. Ta duba, ta duba kakin, ta ce wannan ai zaki ne na gaske, ƙosasshe, na Mushe kuwa kamar ya shekara bai ci nama ba. Gaskiya ta faɗa. Hannunsa ne ke cin amanarsa. Duk inda layi ya karkace sai hannun ya miƙar da shi, duk harafin da ya jingina sai ya tsayar da shi. Shekara arba'in ana koya wa hannun nan daidai, yanzu ana neman ya yi ba daidai ba, kuma ba daidai ba irin na wani mutum da ya mutu tun kafin a haifi kakan kakansa. Wannan ya ba shi tsoro fiye da komai. Ya fara gane cewa mutumin ba rago ba ne: ɗari nawa yake bugawa kafin rana ta faɗi, kuma kowace ɗaya bugu ɗaya tak.

Harshe biyun ya fi ba shi wahala. Ya sassaƙa shi a hatimi, bai yi kama ba. Sai wata Asabar hatimin ya yi tsalle a ƙarƙashin guduma ya sake sauka, ya ɗaga ya ga harshe biyu a kan dalma, har da inuwar farce. Ashe kuskuren bugu ne. Dole ya sake hatimi, sannan ya koyi yadda ake sa guduma ta yi tsalle da gangan. Wannan kuwa sai da hannu biyu a kan guduma, don haka Rakia ce ke riƙe hatimin sama da awartaki, ta kau da kai ta runtse ido. Takan ce, "Maƙeri, in ka karya mini hannu, kai za ka riƙa tuƙa tuwo har yaran nan su yi aure." Maƙwabta suka kai ƙara saboda ƙara, aka aiko masa da takarda, ya koma yin bugu tsakanin sha biyu da ƙarfe biyu na rana kawai. Gwaje-gwajen dalma suka cika bokiti biyu.

A watan Oktoba na 2012 Rakia ta dawo daga wani biki a Manassas da labarin cewa idon Mushe ya rufe gaba ɗaya. Mahamane yana tsaye da magagari a hannu. Ya ajiye shi, ya ja ƙofar gareji, bai sake buɗe ta ba har wata biyu. Ya makara. Abin da ya dawo da shi, ya tuna yadda tsohon ya karɓi dalar Baltimore: bai duba ba, da yatsa ya karanta. To yatsa ba ya makancewa, kuma ya fi ido wuyar ruɗi.

Ranar Asabar ta biyu a watan Afrilu na 2013 ya narka dalar mai tauraro tare da garinta. Ya auna: giram ashirin da shida, rabin giram ya bi wuta. Ya baje ta da masaba, ya bar gefe ɗaya da kauri. Ya ɗora ta a kan hatimi, ya gusa ta gefe kaɗan yadda rabin kalmar farko zai faɗa waje. Ya yi bisimilla. Rakia ta runtse ido. Da ya ɗaga hatimin, su biyun suka sunkuya suna kallo. Ramammen zaki yana tsaye da harshe biyu.

Abu ɗaya ya canza da gangan. Inda 'yar alamar garin take, ya sa ɗigo uku na gidansu, don kada bayan ransu wani ya ɗauka ta da ce a cuce shi. Ya huda ta inda hudar take, ya yi mata baki da kunne kamar yadda aka ce masa tun farko. Sabuwar bugu tana da kaifi, don haka ya jefa ta aljihu tare da makullai, ya yi wata huɗu yana yawo da ita a tasi har ta yi laushi a hannu.

Bai san yadda zai kai ta ba. Sai a watan Satumba Hannatu ta kira shi, ta ce an canza mata lokacin aiki, ba za ta iya kai Baba asibiti ba, kuma ba ta son baƙon direba ya riƙa jan Baba a hannu. Ya je. Tsohon ya rame, yana cikin kwat ɗinsa. Suka gaisa cikakkiyar gaisuwa. Mahamane ya zaunar da shi a baya, ya sunkuya zai ɗaura masa bel, ya saki dalar, da zare a kunnenta, cikin aljihun kwat ɗin, ya rufe ƙofa.

Sun hau babbar hanya, motoci sun tsaya cik, tsohon ya sa hannu neman hankici. Ta madubi Mahamane ya ga hannun ya tsaya a cikin aljihu. Ya daɗe bai fito ba. Da ya fito, babban yatsa ya riga ya hau bakin dalar yana tafiya a hankali, leɓe yana motsi ba sauti. Ya shiga tsakiya, ya sami harshen, ya koma ya sake samunsa. Fuskar tsohon ta yi irin abin da ta yi a gareji shekara huɗu da suka wuce, har Mahamane ya ji tsoro ya fara neman inda zai tsaya. Yatsan ya hau sama ya tsaya a kan ɗigo ukun.

"Wannan alamar ta wace ƙasa ce?"

"Ta babana ce, Mushe."

"Azurfar fa?"

"Taka ce. Rabin giram ya bi wuta."

Tsohon ya laluba ya sami zaren, ya sunkuyar da kai ya rataya, ya tura ta cikin riga ya ɓalle maɓallin wuya.

"Wutsiyar ta ɗan fi tawa tsawo," in ji shi. "Kada ka gyara."